Alakos: kada rijiya ta bayar, tiyo ya hana

A karkarar jihar Damagaram, kafin a gina shato ko a binne tiyon ruwa, sai an fara gwada aikin cikin kwamfuta. To amma na'urar ba ta san ƙauye ba. Abin da aka faɗa mata game da ruwan da zai shiga da wanda zai fita, da shi take aiki. A nan ake gyara aiki, a nan kuma ake ɓata shi.

Masu iya magana kan ce ruwa abokin aiki. A ƙasar Alakos kuwa, samun ruwan kansa shi ne babban aiki. Wannan kwamin ta karkara, wadda mazaunin hukumarta yake Garazu, tana cikin gundumar Gure, arewa maso yamma da garin Gure, tsakanin tsaunukan Kutus da ƙasar Damargu. Damina gajera ce. Da kaka ta wuce sai tafkuna su ƙafe, mutane da dabbobi su koma ga rijiya. Rijiyoyin yankin masu zurfi ne, har akan ɗaura igiyar wasaki a jikin raƙumi ko sa ko jaki, yaro ya kora shi ya yi nisa kafin wasakin ya iso baki. Manomi na jiran layi, makiyayi na jiran layi, mata kuma na zaune bisa bidunansu tun da asuba.

Saboda haka duk garin da ya ji labarin za a haƙa masa foraj, a gina shato, a ja tiyo zuwa unguwanni, murna yake yi kamar ranar salla. Sai dai an sha ganin garuruwa a Sahel inda aka yi bikin buɗe famfo, aka yi kiɗa da jawabai, bayan ƴan watanni famfon da ke gindin shato yana zuba, na ƙarshen gari kuwa sai iska yake hurawa. Galibi akan ɗora wa ɗan kwangila laifi, ko a ce foraj ne ya ƙafe. Sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba. Kuskuren ya faru tun a ofis, ranar da aka rubuta wasu ƴan alƙaluma cikin kwamfuta.

Lissafin da ya girmi kwamfuta

Tsarin ruwan ƙaramin gari bai da wuyar fahimta. Akwai foraj da injin da ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Akwai shato, wato tankin da aka ɗora bisa ƙafafu domin ruwa ya gangaro da nauyin kansa. Akwai babban tiyo da rassansa, sannan famfunan unguwa da komayen shayar da dabbobi. Abin da ke da wuya shi ne sanin yadda ruwa zai rarrabu cikin rassan, da ƙarfin da zai rage masa idan ya isa kowane baki.

Ruwa ba ya tafiya cikin tiyo kyauta. Yana gogar bangon tiyo, gogar nan kuma tana cinye masa ƙarfi. Masana kan auna ƙarfin da mita: idan saman ruwan shato ya fi bakin famfo tsawo da mita 10, to ruwan yana da jarin mita 10, kuma daga cikin jarin nan yake biyan kuɗin hanya. In jari ya ƙare kafin a isa, famfo ba zai zuba ba, ko da shato cike yake.

Tun ƙarni na 19 injiniyoyi ke bin diddigin wannan asara. Henry Darcy, wanda ya tsara ruwan birnin Dijon na Faransa, yana cikin na farko. A farkon ƙarni na 20 wasu Amurkawa biyu, Hazen da Williams, suka fito da ƙa'idar da har yanzu ake amfani da ita. A shekara ta 1936 Hardy Cross, malami a jami'ar Illinois, ya nuna yadda za a warware lissafin tiyo masu sarƙaƙiya da alƙalami da takarda, bisa dokoki biyu. Ta farko: a kowace mahaɗa, ruwan da ya shigo daidai yake da wanda ya fita. Ta biyu: idan hanyoyi biyu suka rabu suka sake haɗuwa, ƙarfin da aka rasa ta wannan daidai yake da wanda aka rasa ta waccan. Ana yin hasashe, a gyara, a sake gyarawa, har lissafi ya zauna. Aiki ne na kwanaki.

A shekara ta 1993 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da wata manhaja mai suna EPANET, wadda injiniya Lewis Rossman ya rubuta. Sabon zubinta ya fito a 2000, daga baya aka fassara shi da Faransanci. Da yake kyauta ake samunta, ta zama abokiyar aikin ofisoshin nazari da makarantun injiniyoyi a Afirka ta Yamma. Aikin kwanaki ya koma na ƙiftawar ido. Amma saurin nan bai rage wa injiniya nauyin da ke kansa ba ko kaɗan, domin manhajar ba ta fara lissafi sai an ba ta abin da masana ke kira sharuɗɗan iyaka.

Ko tiya, ko kuɗi

Iyaka a nan na nufin duk wurin da tsarin tiyo ya haɗu da abin da ke wajensa: inda ruwa ke shiga da inda yake fita. Abin da ke tsakiya, manhaja ce za ta lissafa. Abin da ke iyaka kuwa, mutum ne zai faɗa.

A kowace iyaka, ɗayan abu biyu ake faɗa: ko yawan ruwan da ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, ko ƙarfin da ruwan ke da shi a wurin. Ba a tilasta duka biyun a baki ɗaya. Misalinsa kamar mai sayen hatsi ne a kasuwa. Ko dai ya ce a auna masa tiya goma, kasuwa ta faɗa masa kuɗin, ko ya miƙa jikarsa biyar, kasuwa ta faɗa masa tiya nawa zai samu. Idan ya ce lalle tiya goma kuma lalle jika biyar, to ya fi ƙarfin mai awo, sai in sa'a ta sa farashi ya zo daidai. Haka tiyo yake. A faɗa masa yawan ruwa, ya ba da ƙarfin da zai rage. A faɗa masa ƙarfi, ya ba da yawan ruwan da zai fita.

Akwai kuma sharaɗi na biyu: wajibi ne a samu aƙalla wuri ɗaya da aka san tsawon ruwansa. Idan aka rubuta yawan ruwa a dukan iyakoki ba tare da tanki ko maɓuɓɓuga ba, manhajar za ta ƙi aiki. Dalili kuwa, dokokin tiyo bambancin ƙarfi tsakanin wuri da wuri kaɗai suke bayarwa, sai an sami inda za a fara ƙirga, kamar yadda ba a faɗin zurfin rijiya sai an san bakinta. A tsarin ƙauye, shato ne ke wannan aiki. Ana rubuta tsawon ƙafafunsa, da faɗinsa, da iyakar cikarsa da iyakar raguwarsa.

Iyaka ta farko: bakin famfo

A bakin famfo, yawan ruwa ake rubutawa. To daga ina alƙalamin ke fitowa? Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a karkarar Nijar ita ce lita 20 ga kowane mutum a yini, da kuma mashaya ɗaya ta zamani ga kowane mutum 250. A ɗauki misalin gari mai mutum 2000. Bukatarsa lita dubu 40 ke nan a yini, wato tano 200, ko bido 1600 masu cin lita 25.

Mai gaggawa sai ya raba lita dubu 40 ga awa 24, ya sami abin da bai kai rabin lita ba a daƙiƙa. Ya rubuta wannan, manhaja ta nuna masa komai lafiya lau. Amma wa ke ɗiban ruwa da tsakar dare? Mata kan fito da sassafe kafin rana ta yi zafi, su sake fitowa da la'asar. Idan aka ce rabin ruwan yini ana ɗibansa cikin awa biyu na safe, to lita dubu 20 ke nan cikin awa biyu, kusan lita 3 a daƙiƙa. Ninki shida ke nan na abin da mai gaggawa ya rubuta.

A nan ne hatsarin yake, domin asarar ƙarfi ba ta bin yawan ruwa kafaɗa da kafaɗa, tsere masa take yi. Idan ruwa ya ninka sau biyu, asara ta kusa ninkawa sau huɗu. Idan ya ninka sau shida, bisa ƙa'idar Hazen da Williams, asara takan ninka kusan sau 28. A tiyon roba mai faɗin milimita 63 da tsawon mita 600, lissafin mai gaggawa zai nuna asarar rabin mita kacal. Da safe kuwa, lokacin da dukan famfuna ke buɗe, asarar takan kai wajen mita 14. Shato mai mita 10 ba shi da wannan jari. Sai famfon ƙarshe ya yi shiru daidai lokacin da aka fi bukatarsa, ya farfaɗo da rana tsaka lokacin da babu kowa. Da an sa tiyo mai milimita 90, asarar da ta ragu fiye da sau biyar, ta koma ƙasa da mita 3. Bambancin kuɗin tiyon biyu bai kai kuɗin sake tone gari ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Manhajar ta tanadi maganin wannan. Ana iya ba ta jadawalin awa-awa, a ce ƙarfe 7 na safe bukata ta ninka kaza, ƙarfe 2 na dare babu ko ɗigo, ta bi yini guda ko mako guda tana nuna yadda shato ke cika da raguwa. Amma jadawalin ba a cikin littafi yake ba. Sai an je bakin rijiya an zauna an ƙirga.

Waɗanda ba sa cikin ƙidaya

A ƙasa irin Alakos, akwai masu shan ruwa da takardar ƙidaya ba ta san da su ba. Saniya kan sha lita 30 zuwa 40 a yini idan bazara ta tsananta. Shanu 500 sun sha ruwan mutum 750 ke nan, ko fiye. Raƙumin da ya kwana biyu bai sha ba yana iya shanye lita 100 a tsayuwa ɗaya. Garke kuma ba ya zuwa ɗaya bayan ɗaya. Gaba ɗaya yake isowa, sai komi ya janye ruwan da famfunan unguwa ke jira. Ga ranar kasuwa. Ga mutanen ƙauyukan kewaye masu zuwa da amalanke cike da biduna da zarar sun ji an sami ruwa mai daɗi. Ga makiyaya, Fulani da Buzaye da Tubawa, waɗanda ke gangarowa da haurawa bisa ga lokacin shekara.

Sannan ga haihuwa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, da ƙaruwar kashi 3,9 cikin ɗari a shekara. Da irin wannan ƙaruwa, garin mutum 2000 zai kusa kai 3000 cikin shekara 10, ya ninka kafin shekara 20. Tiyon da aka binne kuwa ana so ya fi haka daɗewa. Wanda ya rubuta bukatar bana kawai, ya ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa.

Mantawa da dabbobi ba ƙaramin kuskuren lissafi ba ne. Inda ruwa ya gaza, nan rikici ke tashi tsakanin mazauna gari da baƙi, kan wa zai fara sha. Tsarin da ya ware wa komaye reshensu nesa da gidaje, ko ya keɓe musu lokacinsu, ya kashe wuta tun ba ta kama ba.

Iyaka ta biyu: bakin foraj

Ta ɓangaren shiga ma akwai tarko. Cikin manhajar akwai alamar maɓuɓɓuga wadda ba ta ƙafewa, duk yawan ruwan da aka nema za ta bayar. An yi ta ne domin kogi ko babban tafki. Wanda ya sa wannan alama a madadin foraj ba tare da lura ba, ya faɗa wa na'ura cewa akwai kogin Kwara a ƙarƙashin Garazu. Foraj kuwa yana da iyakarsa. Bayan an haƙa shi akan yi gwajin ja: a tayar da inji na awoyi masu yawa, a riƙa auna yadda ruwa ke sauka, sannan a tsayar a ga yadda yake dawowa. Daga nan ake sanin yawan da zai iya bayarwa ba tare da an cuce shi ba. Wannan alƙalami shi ya kamata a ɗaure lissafi da shi, ko dai a rubuta shi a matsayin ruwa mai shigowa, ko a rubuta zurfin da ruwa ke tsayawa lokacin ja tare da ainihin ƙarfin injin da za a saya.

Idan foraj na ba da lita dubu 5 a awa, garin misalin nan na bukatar awa 8 na ja kowace rana. Inji mai aiki da hasken rana kuwa ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ƴan awoyin tsakiyar yini, kuma ƙurar hunturu na rage shi. Ke nan ruwa na shiga da rana tsaka, ana ɗibansa da safe da yamma. Shato ne ke sulhunta su. Ruwan safe, jiya aka tara shi. Idan tankin ƙarami ne, zai tumbatsa da azahar ya wayi gari babu komai. Lissafin awa-awa ne kaɗai ke fallasa wannan kafin a zuba siminti.

Darasin birnin Damagaram

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da ƙarancin ruwa ke yi wa gari. Damagaram na zaune bisa dutse wanda ba ya riƙe ruwa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Tun shekarun 1950 ake jawo wa birnin ruwa daga Gogo da Macaya, daga baya aka ƙara da Arunguza, sannan a 2005 aka buɗe tashar Ganaram da taimakon ƙasar Sin. A tsawon waɗannan shekaru mutanen birnin sun san rabon ruwa unguwa-unguwa, da tashin dare don tarar famfo, da tsadar ƴan garuwa a bazara.

Irin wannan hali ya nuna raunin tsohon salon lissafi. Manhajar, a zubinta na farko, tana ɗauka cewa duk yawan ruwan da aka rubuta a bakin famfo dole ya fita, ko akwai ƙarfi ko babu. Idan babu, sai ta nuna ƙarfi ƙasa da sifiri, ta yi gargaɗi, amma a takarda kowa ya sami ruwansa. A zahiri ba haka ba ne. Idan ƙarfi ya ragu, zuba ma raguwa take yi, kuma unguwar kwari kan sha ta bar ta tudu da ƙishirwa. Zubin EPANET na 2020 ya kawo gyara: ana faɗa masa ƙarfin da ƙasa da shi famfo ba ya zuba, da wanda daga shi famfo ke ba da cikakken rabonsa, sai ya lissafa ainihin abin da kowa zai samu. Ga ƙasar da ruwa bai wadata ba, wannan salo ya fi kusa da gaskiya. Duk da haka, tiyon da ke wofincewa ya cika da iska sannan a sake sako masa ruwa, lissafinsa na da wuyar da wannan gyara bai gama warwarewa ba.

Abin da gari zai iya tambaya

Ruwan birane yana hannun kamfanin SPEN mai kula da kadarori, da kuma kamfanin NDE wanda ya gaji SEEN a farkon 2024. Na karkara dabam ne. Dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010 ta ba kwaminoni babban matsayi a sha'anin, kuma akan damƙa gudanarwa ga wani mai kwangila, masu shan ruwa na sa ido ta hanyar ƙungiyarsu. Ke nan hukumar kwamin da mutanen gari na da haƙƙin ganin takardar nazari kafin a fara tono.

Ba sai mutum ya iya kwamfuta ba kafin ya yi tambaya mai amfani. Mutum nawa aka lissafa, na wace shekara? Dabbobi nawa, a wane wata? An ninka bukatar safe sau nawa? Ina takardar gwajin foraj, kuma a wane lokacin shekara aka yi shi? Tudu da kwarin gari, da na'urar awo aka bi su ƙafa da ƙafa, ko daga taswira aka kwafo? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin a ƙasar jigawa kuskuren mita 3 ko 4 ya isa ya cinye sulusin jarin shato. Injiniyan ƙwarai ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Shi ma amsarsu yake nema, kuma sarkin gari da matan unguwa da shugabannin makiyaya sun fi shi saninta.

Bayan an gama aiki, gani ya kori ji. Bido mai lita 25 da agogo sun isa awo. Idan ya cika cikin daƙiƙa 100, famfon na ba da rubu'in lita a daƙiƙa, wato bido 36 a awa. A auna da ƙarfe 7 na safe, dukan famfuna a buɗe, a famfon da ya fi nisa da wanda ya fi tudu, a gwama da abin da takarda ta alkawarta. In sun yi hannun riga, to a gyara tun ɗan kwangila bai karɓi sauran kuɗinsa ba.

Kwamfuta ba ta ƙarya, amma ba ta kuma musu. Abin da aka shuka mata shi take girbewa, ta kawo shi cikin zane mai launi da alƙaluma masu ban sha'awa. Hausawa sun daɗe da sanin takaicin rijiyar da ta bayar guga ya hana. Ga yarinyar Alakos da ke barin makaranta don bin layin ruwa, ba sunan manhaja ne damuwarta ba, a'a, ko famfon unguwarsu zai zuba da safe. Allah ya sa masu lissafi su tuna da ita kafin su danna maɓalli.